Yadda za ka haɗa masu fasahar sabuwar unguwa

Idan birni ya faɗaɗa, sai ka tarar a layi ɗaya akwai tela, mai zane, mai gyaran waya da yarinya mai koyon haɗa manhaja, amma babu wanda ya san wani. Ni na fi son a fara da tattaki: bi shago-shago ka gaisa, ka tambayi kowa sana'arsa. Sannan ka nemi aron aji a wata makaranta, sau ɗaya a wata, ranar da babu karatu. Kowa ya zo da aikinsa ko da bai kammala ba, a ba shi minti 5 ya nuna. Don Allah banda dogon jawabi, shi ke korar matasa. Bayan zaman farko ka buɗe zauren WhatsApp, ka bar wani ya jagoranci zama na biyu.