Zanen barkwanci kan tilasta shiga soja: inda masu zanenmu ke tuntuɓe

Wani matashi daga Fagge ya nuna mini zanensa a waya: motar soja ce a bakin Kantin Kwari tana kwasar samari da ƙarfin tsiya. Hannunsa na da kyau, amma tun daga tushe ya kauce. Najeriya ba ta da dokar tilasta shiga soja. A nan samari ne da kansu ke cike fom su bi layi, wani ma sai ya nema sau uku bai samu ba. In tilas ɗin kake son zanawa, kai ta inda take: Rasha da ta kira sojojin ko-ta-kwana 300,000 a Satumban 2022, ko Yukren da ta sauke shekarun kira daga 27 zuwa 25 a 2024.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne a yi wa kurtu dariya. Za ka ga an zana shi gwiwa na kaɗawa, hular kwano ta rufe masa ido. To shi ya sa hannu a takardar? Nemi mai biro. A 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, doka ta ba mutum damar biyan dala 300 a ƙyale shi. Ai wannan zane ne a dafe: ɗan mai kuɗi na miƙa jaka, ɗan talaka na karɓar bindiga. Dubi kuma abin da Robert Minor, mai zanen barkwanci ɗan Amurka, ya yi a 1916: likitan soja na murza hannu gaban wani ƙato mai faffaɗan ƙirji, ba shi da kai, wai ya samu cikakken soja. Ƙaton ba shi aka zaga ba, masu son sojan da ba ya tunani aka yi wa shaguɓe.

Sai maganar adadi. Sojojin Amurka a Biyetnam sun haura 500,000 a 1968, amma in ka rubuta lambar kawai a jikin allo, ido zai wuce ta. Mayar da ita abin da Bakano ya sani: janar a tsugune yana awon samari da mudu kamar mai gero a Dawanau, yana ƙorafin buhu bai cika ba. Kuma kada ka haɗa waɗanda aka kira da waɗanda suka isa fagen daga, lissafinsu daban.

Hoton Uncle Sam, tsohon nan mai doguwar hula da ke nuna ka da yatsa, na 1917, tallar ɗaukar soja ce ta gwamnatin Amurka. In ka kwafe shi yadda yake, ka yi musu talla kyauta. Ko dai ka juya yatsan ya nuna ɗansa, ko ka bar shi.

Rubutu kuwa a rage. A Facebook za a gani, a ƙaramar waya, wataƙila cikin Adaidaita Sahu ana girgiza. Na ce wa ɗan Fagge ya goge layi huɗu cikin biyar, ya ƙara wa janar ɗin da ke zanensa tumbi.