Ƙari a jikin ɓeran Masar: a yanke ko a bari?

Shekara bakwai ke nan muna kiwon ɓerayen Masar a gidanmu da ke Fadaman Mada a Bauchi, kuma sau uku ina cin karo da ƙari a jikinsu. Na farko mun rasa shi, na biyu an yi masa tiyata ya tashi, ta uku kuwa mun bar ta da abinta har tsufa ya ɗauke ta. Duk abin da zan faɗa a nan daga waɗannan ukun na koya, sai kuma daga bakin likitan dabbobin da ya jure yawan tambayoyina.

Bari in fara da wanda muka rasa, don kada wani ya taka inda na taka. Kumburi ne ya fito masa a ƙarƙashin haɓa, girman dabino. Na aiki yaro kemis, aka haɗo shi da amoksisilin na ruwa, irin na yara, aka ce a riƙa ɗiga masa safe da yamma. A kwana na uku zawo ya kama shi, ya daina taɓa ciyawa, ya lafe a lungun keji gashinsa a tsaitsaye. A kwana na biyar muka binne shi a gindin zogale. Sai daga baya likita ya yi mini bayani: cikin ɓeran Masar cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narka masa ciyawa, kuma penisilin da danginsa, wato amoksisilin da ampisilin, tare da eritromaisin da linkomaisin, suna kashe masu amfanin ne su bar wa wata muguwar ƙwaya fili ta hayayyafa ta zuba dafi a hanji. Maganin da ke warkar da ɗanka yana iya kashe wannan dabbar cikin kwanaki. Saboda haka, kafin komai: kada ka ba shi maganin mutane, kada ka matse ƙarin, kada ka sa reza.

Fara da sanin wane iri ne

Ba kowane kumburi ne ciwon daji ba, kuma inda ya fito yana ba da rabin labarinsa. Ka ɗora dabbar a cinyarka bisa tawul, ka bi jikinsa da yatsu a hankali, daga muƙamuƙi zuwa wuya, hammata, gadon baya, ciki, har matsematsi.

In a ƙarƙashin haɓa yake ko gefen wuya, kuma ya taso cikin 'yan kwanaki, galibi ƙurji ne. Kara mai kaifi ko tsinken ciyawa kan soki bakinsa, cuta ta shiga, kaluluwar wuya ta cika da mugunya. Wani lokaci kuma daga tushen haƙori yake, don haƙoransu ba sa daina tsiro har su mutu. Mugunyar ɓeran Masar ba ta gudu kamar tamu, kauri gare ta kamar man shanun da ya daskare, shi ya sa huda ta da allura ba ya wadatarwa. Likita kan fi son ya cire jakar gaba ɗaya, ko ya tsaga ya riƙa wankewa kullum. Irin wannan yana iya yaɗuwa ga sauran, don haka a ware mai shi.

In a gadon baya ne wajen ƙugu, zagayayye, yana motsi tare da fata, wani sa'in da ɗan rami a tsakiya mai fitar da abu toka-toka, to mafi yawa ƙari ne na tushen gashi. Shi ya fi kowane ƙarin fata yawa a jikinsu, kuma ba ya bin jiki. Illarsa ita ce in ya girma yakan fashe, ƙuda ya samu wurin zama. In kuma mai taushi ne, yana zillewa ƙarƙashin yatsa, wata da watanni bai canza ba, zai yiwu curin kitse ne kawai.

Da damina akwai wani da mu nan ya kamata mu sani. Wani ƙuda yana yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari, tsutsar ta huda fata ta zauna a ciki, sai ka ga kamar maruru da ɗan ƙofa a kai. In ka shafa man basilin a bakin, numfashinta zai toshe ta leƙo, a zare ta a wanke wurin. Wannan ba ya buƙatar tiyata, share keji yake buƙata.

Wanda nake so ka tsaya a kansa shi ne na kusa da nono. Nono biyu gare su, can ƙasa wajen matsematsi, kuma namiji ma yana yin ƙarin nono, ba mace kaɗai ba. Wani lafiyayye ne, wani kuwa daji ne da ke iya kaiwa huhu, kuma yatsa ba ya bambance su. Haka nan in ka ji ƙulli-ƙulli a wurare da yawa lokaci guda, wuya da hammata da bayan gwiwa, wannan ciwo ne na jiki duka, wuƙa ba ta maganinsa.

Tef da sikeli

Ni tela ce, don haka da tef ɗin ɗinki na fara. Ran da autana ya shigo shago riƙe da Sarki, wani namiji fari mai jan kai ɗan shekara 3, ya ce, "Umma, taɓa nan ki ji," abin bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, a gefen nonon hagu, da tauri. Na auna, milimita 8. Na ɗora shi a sikelin kicin cikin roba, giram 1,050. Na rubuta duka biyun a bayan littafin awon kwastomomi, da kwanan wata.

Ka yi haka duk mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ka kuma ɗauki hoto da waya da kwabo ko murfin kwalba a gefe. Ido yana yaudara, musamman ga abin da kake gani kullum. Shi kuma ɓeran Masar dabba ce da ake farauta a asalinta can tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, don haka ɓoye ciwo ɗabi'arsa ce: zai ci gaba da yi maka kuka in ya ji motsin leda alhali yana ramewa a ƙarƙashin gashi. Sikeli ne ke tona shi. Babban namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200, mace 700 zuwa 900. In ya zubar da giram 50 cikin mako guda, ka daina jira.

Na Sarki, cikin mako uku ya tashi daga milimita 8 zuwa 14, nauyinsa bai ragu ba. Wannan ne ya kai mu asibitin dabbobi. Likita ya soka siririyar allura ya zuƙo ɗan abin da ke ciki, ya shafa a gilashi ya duba a madubin likita. Ba a sa shi barci don wannan ba, minti biyu aka gama. Awon yana raba mugunya da kitse da tsoka, ko da yake ba kullum yake faɗin ko daji ne ba. Ka roƙi a yi shi kafin a yi maganar wuƙa.

Yadda na auna shawarar

Ba zan ɓoye maka ba, sa ɓeran Masar barci yana da haɗari fiye da kare ko kyanwa. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2008, ya gano cewa kusan 4 cikin kowane 100 na ɓerayen Masar da aka sa barci sun mutu cikin awa 48, alhali a karnuka bai kai 2 cikin 1,000 ba. Jikinsu ƙarami ne, yana saurin yin sanyi a kan tebur, maƙogwaronsu yana da wuyar sa bututun numfashi, hanjinsu kuma yakan tsaya cik bayan wahala.

Amma jira ma yana da nasa farashin, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ƙarin da bai wuce gyaɗa ba, tsaga kaɗan ne da ɗinki uku ko huɗu. In ya kai ƙwan kaza, fatar da za a rufe wurin ba ta isa, barcin ya yi tsawo, dabbar kuma ta riga ta rame. Mai cewa "bari mu gani tukuna" a kan ƙarin da ke girma, ya zaɓi tiyata mafi wuya ke nan, ko ranar da likita zai ce lokaci ya wuce.

Ga yadda nake gani. In ƙarin yana girma mako bayan mako, ko yana kusa da nono, ko ya fara fashewa, ko yana goga ƙasa yana hana shi tafiya, kuma dabbar tana ci tana kashi daidai, shekarunta ba su wuce 4 ko 5 ba, a cire tun yana ƙarami. In kuwa ba ya girma, awo ya nuna kitse ne, ko dabbar ta tsufa, don yawancinsu shekara 5 zuwa 7 suke yi, ko numfashinta ya fara nauyi, bari ya fi. Wanda ya riga ya daina ci, a fara tayar da shi da abinci da maganin zafi kafin a yi zancen tiyata.

Kuɗi ma gaskiya ne. Abin da muka kashe a kan Sarki ya ninka kuɗin sayensa sau da yawa, kuma wata maƙwabciyata ta ce, "Maman yara, a kan ɓera?" Ban ji haushinta ba, kowa ya san halin da ake ciki. Abin da na sani shi ne mu muka tsare shi a keji, ba shi da ikon neman wa kansa magani, kuma hadisi ya tabbata cewa akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta. Wanda ba shi da halin tiyata bai yi laifi ba, amma maganin zafi da wuri mai tsabta ba su fi ƙarfin kowa ba.

Tambayi likita, kada ka ji nauyi

Yawancin likitocinmu da shanu da awaki da kaji suka saba, wannan ba aibi ba ne. Ka tambaya kai tsaye ko ya taɓa yi wa ɓeran Masar ko zomo tiyata. Ka tambayi da me zai sa shi barci: iskar da ake shaƙawa, aisofuloren, ta fi sauƙin sarrafawa a kan allura zalla, don ana iya rage ta nan take. In babu a kusa, ka nemi a tura ka asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Jos ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ka tambayi maganin da zai rubuta bayan aiki. Namu ya ba da meloksikam don zafi da enrofloksasin don ƙwayoyin cuta.

In aka ce maka ka hana shi abinci tun dare, ka sake tambaya. Ɓeran Masar ba ya iya amai, don haka ba ya buƙatar dogon azumin da ake sa kare, kuma yunwar awanni da yawa ita kanta tana tsayar masa da hanji. Awa ɗaya ko biyu ta isa, don bakinsa ya zama babu abinci.

Ka kuma duba yanayi. Zafin da ya haura digiri 28 yana galabaitar da su, a Bauchi kuwa watan Maris da Afrilu yakan doshi 40. In abin ba na gaggawa ba ne, kada ka ɗauke shi a mota da tsakar rana, ka fita da asuba, cikin kwali mai huji da ciyawa a ciki.

Dare uku na farko

Tiyatar Sarki ba ta kai minti 40 ba. Wahalar a gida take. Na shimfiɗa masa farin tsumma maimakon dusar katako, don kada ta manne a ɗinkin, kuma in ga ko jini ya ɗiga. Hunturu ne, sai na naɗe gorar ruwan ɗumi da zane na ajiye a gefe guda, yadda zai iya matsawa in ya ji zafi. Abokin zamansa na sa shi a kejin da ke jikin nasa, suna jin juna ta raga.

Awa huɗu bai kalli ciyawa ba. Na jiƙa abincinsu na buhu da ruwan ɗumi har ya zama kamar kunu, na yanke bakin ƙaramin sirinji, na riƙa sa masa ta gefen baki bayan haƙoran gaba, kaɗan-kaɗan, ina jira ya tauna ya haɗiye kafin in ƙara. Kada a kwantar da shi rigingine, zai shaƙe. Duk bayan awa uku ko huɗu nake tashi, har cikin dare. Abin da nake dubawa shi ne kashi. In ya ƙanƙance ko ya ɗauke gaba ɗaya na tsawon rabin yini, a koma wurin likita a ranar. Wajen ƙarfe uku na daren farko na haska tocila na ga 'yan ƙwayoyin kashi shida a kan tsumman, na tashi autana ya gani.

Jikinsu ba ya haɗa bitamin C da kansa, kamar yadda namu ma ba ya haɗawa, kuma rauni ba ya warkewa sai da shi. Kullum ina ba shi yankan jan tattasai marar yaji da ɗan gwaiba, ga ciyawa mai laushi a gabansa dare da rana. A kwana na 12 aka cire zaren. Ya sauka zuwa giram 980, ya ɗauki wata guda kafin ya mayar.

Ta ukun, Goggo, tana da shekara 6 lokacin da na ji wani abu mai taushi a bayan hammatarta. Allura ta nuna kitse ne. Likita ya dube ta ya ce, "Hajiya, wannan ki bar ta ta ci ciyawarta." Na ci gaba da awo duk Asabar, milimita 20, 20, 21, har shafi ya cika. Na sauko mata da kwanon ruwa ƙasa, na cire ɗan matakalar da ke kejin don kada wurin ya goge. Ta yi wata 11 a haka, kuma awon ƙarshe da na rubuta mata milimita 22 ne.