Yadda za ki gane ko ɗanki mai jinkirin magana yana ci gaba a jardan

Duk Oktoba, idan aka koma lakwal, iyaye mata kan kai yaron da ya kai shekara 4 bai haɗa kalma biyu ba jardan, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, su damƙa shi hannun Madam suna cewa Allah ya sa ya yi magana. Yuni ta zo, a tambayi Madam ta ce yana ƙoƙari, a tambayi uwar ta ce da sauƙi, amma babu mai iya faɗin abin da ya iya yanzu wanda bai iya ba da farko. Ni ma ina da irin wannan yaro nan Yamai, ga yadda nake bin lamarinsa.

Fara da kunne. Kada ki ce ai yana ji tunda yana waiwayowa in an buga ƙofa. Jin ƙarar ƙofa daban, rarrabe sautin magana daban. Sanƙarau da muke fama da shi lokacin zafi yana kashe ji, ciwon kunne mai yawan dawowa ma yana rage shi. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Babban Asibitin Ƙasa a gwada. In ta tabbata kurumta ce, hanyarki ta sauya, sai ki nufi makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ. Masu cewa Hausa da Zabarmanci da Faransanci ne suka rikita shi kuwa, ki bar su da maganarsu. Yawan harsuna ba ya hana yaro magana, kada ki yanke shi daga harshen kakarsa.

Sai ki sayi kaye, littafin rubutu, mai shafi 100, na araha ya isa, miya za ta zube masa ko ba jima. Mako biyu kada ki koya masa komai, kallo kawai da rubutu. Duk kalmar da ya faɗa da kansa ki rubuta ta yadda ta fito daga bakinsa: in "uwa" yake ce wa ruwa, kuma kullum haka yake cewa, kalma ce. In "hari" ya ce, na Zabarmanci, ita ma a lissafa. Wadda ya maimaita bayanki kada ki sa ta layi ɗaya da waɗannan. Ki tambayi yayyensa, sun fi ki jin bakinsa. Ki ɗauki bidiyon minti ɗaya da waya yana cin abinci, bai san ana ɗauka ba.

Wurin tsara buri ne kusan kowa ke faɗuwa. "Ya yi magana" addu'a ce, "ya natsu" ma haka, ba a iya ƙirga su. Gero da tiya ake auna shi, ba da ido ba. Burin da zai yi miki aiki sai ya faɗi abin da yaron zai yi, da lokacin, da sau nawa, da irin taimakon da za a ba shi. Misali: da safe wurin shan koko, zai ce "ƙara" ko ya miƙo kofi yana kallonki kafin a ƙara masa, sau 3 cikin 5, ba tare da an faɗa masa ba. Ko kuma: zai zauna kan tabarma da sauran yara minti 3 lokacin waƙa, Madam na kusa da shi. In kayenki ya nuna minti ɗaya yake iya zama yanzu, 3 za ki rubuta. Mai rubuta 15 ta shirya wa kanta baƙin ciki.

Buri uku, kada su wuce. Ni doka na ɗauke shi. Ɗaya na magana, ɗaya na zama da yara, ɗaya na kula da kai, kamar nuna yana jin fitsari ko cire takalmi. Haruffa da ƙirga ɗaya zuwa goma da Faransanci su jira, ko da kuwa su baban yara ya fi son ji in baƙi sun zo. Yaron da ke rera ƙirga amma ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa, ƙishirwar ce matsalarsa.

Maganar taimako ita ce wadda ake mantawa, alhali a nan ci gaban yake ɓuya. Akwai ranar da sai kin kama hannunsa kin miƙa kofin tare da shi. Daga nan sai ranar da kika ce "ƙara" ya maimaita. Sai ranar da kika ɗaga ludayi kawai kika yi shiru, ya kalli ludayin, ya kalle ki, leɓensa ya motsa, kalmar ta fito. Kalma ɗaya ce duka, amma matakai uku ya hau, kuma in ba ki rubuta ba za ki rantse wata biyu yana wuri guda. Shirun nan ki ƙirga zuwa goma a zuci kafin ki taimaka. Da wuya, musamman in ƙanwarki na gefe tana cewa Yaya ki ba shi mana, tausayi. Ki ba shi, amma bayan goman. Alamar hannu kuma ki karɓe ta, ba ta hana baki buɗewa.

Madam tana da yara cike da aji, kada ki tare ta a ƙofa da safe. Ki nemi ta ba ki lokaci bayan an tashi, ki je da takarda ɗaya mai burin nan uku, ki ce: "Madam, don Allah wanne cikin waɗannan zai yiwu a ajinku?" Wanda ta zaɓa shi ne nata. Abin da kike roƙo gare ta alama ce kawai a kaye, ya yi ko bai yi ba, ko da Juma'a kaɗai. A Amurka tun 1975 doka ta wajabta a rubuta wa irin wannan yaro tsarin karatu nasa, iyaye da malamai su zauna kansa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ƙungiyar Handicap International ma ta daɗe tana aikin shigar da irin yaran nan azuzuwan kowa da kowa, amma takardar ɗanki ke za ki rubuta ta. Masu gyaran magana, ortofonis, kaɗan ne, kuɗin zama da na taksi kuma ba wasa ba. In kin samu ganin ɗaya ki tafi da kayen, ki roƙa ya gyara miki burin, ki dawo gida da abin yi.

Ƙarshen Disamba, Maris da Yuni ki buɗe shafin farko ki kwatanta, ki sake bidiyo a wuri ɗaya da na farko. Burin da ya cika mako biyu a jere a ɗaga shi sama kaɗan. Wanda bai motsa ba wata uku ya yi girma, a raba shi biyu. In kuwa kalmomin da ya iya ne suka fara ɓacewa, ko ya daina waiwayowa in an kira sunansa, kada ki jira Disamba, likita za ki nufa a makon. Babban hutu ki ci gaba da buri ɗaya a gida. Shiga CI, ajin farko na firamare, ko ƙara shekara a jardan kuwa, da darakta za ku yanke tun Mayu, kaye a hannunki.