Ga masu zuwa kallon ƙwallon jami'a a Amurka

'Yan'uwa da kuka shigo Amurka karatu bana, idan abokai suka ja ku filin ƙwallon jami'a ranar Asabar, ku fara tambayar kalar da aka ce a saka. Ƙwallon Amurka ce fa, wadda ake runguma a hannu ana gwabzawa.

Kowace makaranta da kalarta. A Penn State akwai ranar da kowa ke zuwa da farin kaya, mutum sama da 100,000 a filin Beaver, fari fat. Farar shaddarka ma ta wadatar, sai dai ka saka rigar sanyi a ciki. A Tennessee kuma wani lokaci raba filin ake yi, wani sashe ruwan lemo, wani fari, don haka duba lambar sashenka a tikiti tukuna. 'Yan'uwa mata, hijabi mai kalar makaranta ya isa. Amma kada ka kuskura ka shiga cikin ɗaliban Ohio State da shuɗi da rawaya na Michigan, manyan abokan hamayyarsu, ba wanda zai yi maka uzurin baƙunta.

Ka saka takalmi mai taushi, don ɗalibai a tsaye suke kallo, wasan kuma yakan wuce awa 3. Filaye da yawa jakar leda mai nuna abin da ke ciki kawai suke bari a shiga da ita.

Ihu ma da lokacinsa. Ana yin sa ne idan ƙwallo na hannun ƙungiyar da ta zo baƙunci, don kada su ji umarnin juna. Idan naku ne da ƙwallo, sai a yi tsit.