Kurakuran da muke tafkawa wajen auna aikin lakcarori da kayan fasahar koyarwa a jami'o'inmu

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin APER, wato fom ɗin auna aikin ma'aikaci na shekara-shekara, ya zo sai ka ga sashe ya rikice, kowa na zarya tsakanin ofis da shagon hoto-kwafi, ana ɗaure takardu ana kai wa HOD, wato shugaban sashe, ya sa hannu. Na zauna a kwamitin tantancewa na sashenmu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma abin da ke damuna har yau shi ne mukan tashi daga zaman nan mun san adadin maƙalun kowa amma ba mu san ko ɗaliban da ya koyar sun fahimci wani abu ba. Wallahi yawancin kurakuranmu daga nan suke, abin da ke da sauƙin ƙirgawa shi muke aunawa.

Babba a cikinsu shi ne ƙirga maƙala ba tare da an karanta ba. Tsarin ƙarin girma a yawancin jami'o'in Najeriya, daga Lakcara II zuwa Lakcara I zuwa Siniya Lakcara har Farfesa, kusan shekara uku-uku ne tsakani, kuma makin da ya fi nauyi yana kan wallafe-wallafe. To da mutane suka gane lamba ake kallo sai suka koma neman lamba, bincike ɗaya a yanka shi gida uku, ko a yi adashen suna, ka sa ni a taka in sa ka a tawa, ko a tura wa mujallar bogi irin waɗanda ke turo imel suna cewa za su buga maka cikin sati ɗaya in ka biya dala. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya sauke jerin a Janairun 2017, kuma tun 2012 masana suka tsara sanarwar DORA a San Faransisko suna cewa a daina auna malami da sunan mujalla, a duba abin da ya rubuta. Gyaran ba wuya gare shi ba: a ce wa mai neman ƙarin girma ya zaɓo aikinsa uku ko biyar da ya fi alfahari da su, ya rubuta a shafi ɗaya me ya gano da kuma me shi da kansa ya yi in aikin haɗin gwiwa ne, sannan mutum biyu a kwamiti su karanta da gaske. Ba sai an kai matakin Farfesa an aika wa masu tantancewa na waje ba sannan wani ya fara buɗe takardar.

Amma fa kar a gudu daga wannan a faɗa wani ramin. Wasu yanzu sun ce in mujalla ba ta cikin Scopus, wato rumbun mujallun duniya da aka tantance, ba su san zance ba, to malamin Hausa ko na Larabci ko mai binciken tarihin wata masarauta fa? Mujalla irin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta yi wa nazarin harsunanmu hidimar da ƙalilan suka yi. Kowane fanni ya zauna ya fitar da jerin mujallun da ya yarda da tacewarsu, na gida da na waje.

Sai koyarwa, wadda ita ce aka ɗauki mutum aiki dominta. A fom akwai gurbin maki nata, amma HOD ɗin da zai ba da makin sau da yawa bai taɓa leƙa ajin malamin ba, sai dai ya duba kwas nawa ya ɗauka ya ba shi bakwai cikin goma don kar a yi rigima. Abin da na ga ya yi aiki shi ne abokin aiki ya shiga ajinka sau biyu a zango, da saninka, ba kwanton ɓauna ba, ya zauna a baya ya rubuta abin da ya gani, ku zauna ku tattauna. A haɗa da abubuwan da ake iya riƙewa a hannu, tsarin kwas ɗin da ya raba wa ɗalibai, tambayoyin jarrabawarsa na shekara uku a ga ko su ɗin ne dai yake maimaitawa, takardu goma daga waɗanda ya duba ya ba maki, da ranar da ya miƙa sakamako. Kuma a daina kwatanta wanda ke koyar da kwas ɗin GST, wanda kowane ɗalibi ke ɗauka, a tiyata cike maƙil da wanda ke da ɗalibai sha biyar a aji huɗu kamar kayansu ɗaya. Ma'aunin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, kansa malami ɗaya ga ɗalibai 30 ne a fannin harsuna da tarihi da zamantakewa, 20 a kimiyya, 10 a likitanci, wanda aka jibga wa ninkin-ba-ninkin wannan dole a gani a makinsa.

Batun jin ra'ayin ɗalibai kuwa kashi biyu muke, masu cewa yaro bai isa ya auna malaminsa ba, da masu ɗaukar abin da ɗalibai suka ce tamkar hukuncin kotu. Duka biyun kuskure ne. Wani nazari da Bob Uttl da abokan aikinsa suka fitar a 2017 bayan sun sake bin bincike da dama ya nuna makin da ɗalibai ke ba malami kusan ba shi da alaƙa da yawan abin da suka koya a wurinsa. Wani kuma da aka yi a wata jami'ar jihar Karolina ta Arewa, aka buga a 2015, malamai sun koyar ta intanet an musanya musu suna, ɗalibai suka fi ba sunan namiji maki ko da mace ce ke bayan kwamfutar. Ku duba wannan da kyau a wurinmu inda malamai mata ba su da yawa a sassa da dama. Don haka kar a tambayi ɗalibi wai malamin ya san fanninsa, bai da ma'aunin wannan. A tambaye shi abin da idonsa ya gani: yana zuwa aji, yana zuwa kan lokaci, ya dawo muku da takardun CA, wato gwajin cikin zango, kafin jarrabawa, an tilasta maka sayen handawut, in ka yi tambaya ana amsa maka ko ana disga ka. Kuma kar malamin da kansa ya raba fom ɗin ya tsaya a kansu, na ga an yi haka da idona, kowa ya rubuta madalla ya miƙa. Wani ofis daban ya karɓa, babu suna babu lambar rajista, malami kar ya gani sai ya miƙa sakamako. Ƙorafin cin zarafi ko neman ɗaliba kuma ba a wannan fom ɗin ake cusa shi ba, hanyarsa daban take buƙata mai sirri.

A ɓangaren kayan fasaha ma cutar ɗaya ce. Ana tambayar kwamfuta nawa aka saya, allon zamani nawa aka kafa, musamman in masu akreditashan, wato masu zuwa tantance kwasa-kwasai, na hanya, ba a tambayar sau nawa aka kunna su a zangon da ya wuce. Shekarar 2020 ta tona mana asiri, korona ta rufe makarantu a Maris, yajin aikin ASUU ya ja har Disamba, jami'o'in gwamnati da dama ba su iya koyar da komai ta intanet ba duk da ɗakunan kwamfutar da ke kulle. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ba da kuɗin gini da kaya tun dokarta ta 2011 kuma an amfana, sai dai makaranta ce ya kamata ta tanadi kuɗin gyara da sola da albashin mai kula da kayan tun kafin kwali ya iso, projekta ɗaya in fitilarsa ta mutu sai ya shekara a kabad. Kafin a sayi komai a fara tambayar ɗalibai wace irin waya ke hannunsu, data nawa suke iya saye a wata, ina suke caji. Ɗalibin da ya koma ƙauye hutu ba zai iya zaman Zoom na awa biyu ba, amma zai iya sauke muryar minti goma da PDF mara nauyi ta WhatsApp ko manhajar koyarwa ta Moodle, kuma Moodle kyauta ce, abin da take ci shi ne babbar kwamfutar da za a ɗora ta a kai (saba) da mutumin da zai riƙe ta. Horon malamai ma ba bitar kwana ɗaya a raba satifiket ba ne, a samu matashi ɗaya a kowane sashe wanda dattijon Farfesa zai iya kira ba tare da jin nauyi ba ya ce zo ka nuna min yadda ake ɗora wannan.

Kar kuma a mayar da shiga manhaja ma'aunin ƙwazo, wai wane ya ɗora fayil hamsin. Fayil hamsin na tsohon handawut da aka ɗauka a hoto ba su kai gwaji ɗaya da aka duba aka ba maki aka mayar wa ɗalibi da gyara ba.

Na ƙarshe da ke cutar da ɗalibai kai tsaye shi ne yadda muke karanta Turnitin, manhajar da ke kwatanta rubutun ɗalibi da na wasu don gano satar rubutu. Lambar da take bayarwa ta kamanceceniya ce kawai, tana iya kama ayar da ka kawo da sunayen littattafan da ka jero a ƙarshe, tana kuma iya tsallake wanda ya kwashe aikin wani ya sauya kalmomi ko ya fassara shi daga wani harshe. Sufabaiza ya buɗe rahoton ya ga ina aka yi kalar, kar ya tsaya kan kaso. Manhajojin da ke cewa suna gane rubutun ChatGPT sun ma fi haɗari, kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta, kuma wani bincike na Jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irinsu sun fi zargin rubutun waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, wato ɗalibanmu kenan. In kana shakka kira yaron ofis, ƙofa a buɗe, ka ce ya yi maka bayanin babi na uku da bakinsa, ina ya samo bayanan, me ya sa ya zaɓi wannan hanyar, minti biyar sun isa ka gane.

Sannan bayan an gama duk wannan tantancewar a gaya wa malamin abin da aka gani. Yawancinmu fom ya wuce sama shikenan, sai dai ka ji an ƙara maka girma ko an ce ka jira baɗi, ba wanda ya ce maka ga inda ka gaza. HOD ya ware rabin awa ga kowane malami, musamman sabbin ɗauka, su amince kan abu biyu da zai gyara a rubuta a sa hannu, baɗi kafin a buɗe sabon fom a fara ɗauko waccan takardar.