Shayin Indiya na son wuta, matcha na gudunta

Uwargida, in kina son haɗa waɗannan shayi biyu a gida, fara kula da wuta. Shayin kayan ƙamshi na Indiya, masala chai, sai ya tafasa ya sake tafasa kafin ya yi daɗi. Matcha kuwa, garin koren shayin Japan, tafasasshen ruwa ne ke lalata shi. Irin bishiyarsu ɗaya ce, aikin da aka yi wa ganyen ne ya raba su.

Bari mu fara da na Indiya, tunda kusan duk kayansa suna wurin mai kayan yaji. Don kofi biyu, ki tanadi kofi ɗaya na ruwa, kofi ɗaya na madara, ɗanyar citta kamar rabin babban yatsa, kadamom 4, kanumfari 2, ɗan guntun kirfa, ƙwayar masoro 3, ganyen shayi cokalin shayi 2, sai sukari yadda kike so. Kanumfari biyu na ce, ba biyar ba. Ya fi kowa ƙarfi a tukunyar, in ya yi yawa ba za ki ji ƙamshin kadamom ɗin ba, alhali shi ne ya fi tsada.

Ki ƙwanƙwasa su a ƙaramin turmi su farfashe kawai, kada su zama gari. Cittar ki daddaka ta da kyau. Ki zuba duka a ruwan, ki bari su tafasa minti 4 kafin madara ta shiga. Wannan ba son raina ba ne: ɗanyar citta tana da wani sinadari mai tsinka madara, zafin tafasa ne ke kashe shi. Duk wadda ta jefa citta cikin madara mai ɗumi za ta ga shayinta ya yi gudaji.

Sai ganyen shayi. A Indiya an fi amfani da na jihar Assam, wanda inji ya murza ya zama ƙananan ƙwayoyi. Yana jure tafasa, kuma madara ba ta danne shi. In na 'yar jaka kike da shi, ki yaga guda uku ki juye. Bayan minti 2 ki zuba madara da sukari. In madarar gari ce, ki dama ta da ruwan ɗumi tukuna. In ta gwangwani ce, rabin kofi ya isa, ki cike da ruwa.

Daga nan kada ki matsa ko'ina, ko wayarki na ƙara. Zai taso kamar zai zube, ki rage wuta ya koma, ki ƙara ya sake tasowa. Ni sau uku nake bari. A lokacin ne launinsa ke barin fari-fari ya koma ja mai duhu, ya ɗan yi kauri. Ki tace, ki sheƙa shi tsakanin kofi biyu. Masu shayin bakin titi a Mumbai da Kolkata haka suke yi, yadda mai shayin unguwarmu yake yi, don ya huce ya yi kumfa.

Matcha ba a dafa shi, ba a kuma tace shi, ganyen ne gaba ɗaya kike sha. A Japan, a yankuna irin su Nishio da kuma Uji da ke kusa da birnin Kyoto, ana rufe bishiyoyin daga rana makonni 3 zuwa 4 kafin a tsinki ganyen. Inuwar ce ke ƙara masa kore, ta rage ɗaci. Sai a turara shi, a busar, a cire jijiyoyi, a niƙa a dutse a hankali. Dutse ɗaya abin da yake niƙawa a awa guda bai wuce giram 30 zuwa 40 ba, shi ya sa ɗan gwangwani yake da tsada. In kin buɗe kika ga launinsa ya dusashe kamar tsohon garin kuka, ya kwana biyu ko kuma mai araha ne, a madara kawai zai shawu.

Ki tafasa ruwa, ki sauke, ki bar shi a buɗe kamar minti 5 ya sauko wajen digiri 75 zuwa 80. Ki tankaɗe giram 2 na garin, kusan cokalin shayi ɗaya da bai cika ba, cikin kwano mai faɗi. Tankaɗen nan kada ki tsallake shi, garin yana dunƙulewa, kuma dunƙulen ba ya fashewa a ruwa. Ki ɗiga ruwa kaɗan ki dama ya yi sumul, sannan ki ƙara ya kai mililita 60 zuwa 70.

Japanawa suna kaɗa shi da chasen, wani ɗan maburgi na gora mai siraran hakora da yawa. A jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin aiki don kada hakoran su karye. Kada ki juya shi zagaye, ki riƙa kai hannu gaba da baya da sauri, wuyan hannu kaɗai ke motsi, kuma kada ki danna shi a gindin kwanon. Cikin daƙiƙa 20 kumfa mai laushi za ta rufe saman. In ba ki da chasen, kwalba mai murfi ta wadatar: ki zuba, ki rufe da kyau, ki jijjiga. Kumfar ba za ta kai waccan kyau ba, amma ɗanɗanon ɗaya ne.

Ki sha nan take, in ya zauna garin zai kwanta a ƙasa. Wadda ɗanɗanon ganyen ya yi mata ƙarfi, ta juye shi a kofin madara mai ɗumi da ɗan zuma, ko lokacin zafi ta sa madara mai sanyi da ƙanƙara. Yana hana barci, don haka ni ba na shan sa bayan la'asar. Ragowar garin ki rufe shi ruf, ki sa a firij nesa da daddawa da kifi, don yana ɗaukar wari, kuma ki yi ƙoƙari ki shanye shi cikin wata ɗaya ko biyu da buɗewa.