Daga Landan zuwa bakin teku da tikitin jirgin ƙasa ɗaya

Wata shida na farko da na yi a Landan, duniyata ba ta wuce ɗaki da wurin aiki da masallaci da shagon da ake sayar da doya da attarugu ba. Ranar hutu sai in ja labule in kwanta da waya a hannu, ina kallon bukukuwan da ake yi a gida ba da ni ba. Kaɗaici yana cin raina, ban ma san sunansa ke nan ba. Wani dattijo da muke sahu ɗaya ne ya riƙe hannuna wata Juma'a ya ce, "Gobe ka sa takalmi mai ƙwari, ka same ni a tashar Victoria da ƙarfe tara." Abin da ya nuna mini ran nan shi nake so in miƙa maka, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, tun hunturun farko bai kulle ku a ɗaki ba.

Seaford muka nufa, wani gari a bakin tekun kudancin Ingila. Daga Victoria ake shiga jirgi, a sauya a Lewes, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Kana fitowa daga tashar, 'yan mintoci ne ka ga teku. Ka juya hagu ka bi gaɓa har ka hau tudu, sai ga duwatsun nan farare tas na alli a jere, sun miƙe tsaye daga cikin ruwa, samansu shimfiɗe da ciyawa kore shar. Su ne Seven Sisters, wato 'yan'uwa mata bakwai. Na daɗe tsaye ban ce uffan ba sai tasbihi. Mutumin da ya tashi inda ruwa mafi girma shi ne dam ɗin Tiga, ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar wani abu ne daban.

Daga Seaford zuwa Eastbourne a ƙafa kusan kilomita 22 ne, hawa da gangara ba hutawa, yinin guda cur. Kada ka ɗora wa kanka duka a karon farko. Kogin Cuckmere ya raba hanyar, ba a tsallaka shi a bakin teku, sai an bi gefensa zuwa gadar Exceat, kuma a nan bas mai lamba 12 yake wucewa tsakanin Brighton da Eastbourne. Wanda ya gaji ya hau abinsa. Mai sauran ƙarfi ya hau tuddan bakwai ɗaya bayan ɗaya zuwa Birling Gap, inda akwai bayi da wurin shan shayi, sannan Beachy Head mai tsayin mita 162, wanda duk Birtaniya babu dutsen alli na bakin teku da ya kai shi.

A nan zan ja kunne da gaske. Alli ba dutsen Dala ba ne, gutsurewa yake yi ba sallama, kuma babu shinge a mafi yawan wurin. Hasumiyar Belle Tout da za ka wuce, a 1999 sai da aka ɗaga ta ɗungurungum aka ja ta baya mita 17 saboda ƙasar da ke gabanta tana zubewa cikin teku. Ka bar aƙalla mita biyar tsakaninka da baki, ka riƙe hannun yara, kada son hoto ya ja ka. Idan ka sauka ƙasa bakin ruwa, ka san teku yana cikowa sau biyu a yini, yana iya datse maka hanyar komawa. In wani abu ya faru, ka buga 999 ka nemi masu tsaron gaɓar teku.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ran nan shi ne da dattijon ya buɗe ƙyauren wata gona cike da tumaki ya shige. Na tsaya ina tsoron kada a kira mana 'yan sanda. Ya ce, "Ka san burtali? To wannan burtalin mutane ne." A Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000 da suka ratsa gonaki da makiyaya, doka ta ba kowa damar bi, baƙo da ɗan gari, mai gona kuma ba shi da ikon toshewa. Kibiya ruwan ɗorawa a jikin turke tana nufin hanyar ƙafa, shuɗiya kuma har da doki da keke. Ba a banza aka samu wannan ba. A 1932 ma'aikata daga Manchester suka hau tudun Kinder Scout da gangan don neman haƙƙin yawo a tuddan da masu filaye suka hana mutane shiga, har aka ɗaure wasunsu. Sharaɗin dai ka tsaya kan hanyar, ka bar ƙyaure yadda ka same shi, ka kwashe shararka, ka kewaye saniya mai ɗan maraƙi daga nesa. Karnuka za ka haɗu da su da yawa ba igiya. Ka tsaya cak kada ka ruga, mai shi zai kira abinsa. Kuma a nan, saɓanin cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane suna gaisawa. Ka amsa da fara'a.

Batun kuɗi: katin Oyster da ake shiga bas da jirgi da shi a Landan ba ya kai ka Seaford, tikiti za ka saya. Ka gaya wa mai sayarwa ta Seaford za ka shiga, ta Eastbourne za ka dawo. Ka nemi katin ragi, yana cire kashi ɗaya cikin uku. Akwai na 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda ɗalibin cikakken lokaci ma yana samu ko ya wuce shekarun. Akwai Network Railcard na kudu maso gabashin Ingila, da zai rage wa manya uku da ke tare da kai. Ranar Lahadi ka duba manhajar National Rail tun da dare, domin ranar aka fi gyaran layi, sai a sa ku a bas.

Ka tafi da rigar ruwa ko da gari ya waye garau, da ruwan sha da na alwala, da ɗan guzuri, domin abincin halal wuya yake a ƙauyuka. Da na dawo gida nakan duba ƙafafuna saboda kaska, tana cikin doguwar ciyawa. Alƙibla daga wannan yanki kudu maso gabas take, kuma ban taɓa shimfiɗa darduma a gefen hanya wani ya tanka mini ba. Wanda ba ya son fita shi kaɗai, akwai ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020, maza da mata suna fita tare.

A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba su zo a jere, saboda haka ka ajiye Seven Sisters sai Mayu ko Yuni, lokacin da haske ke kaiwa bayan tara na dare. Na hunturu shi ne na kusa. Tudun Box Hill bai kai awa ɗaya sosai daga Victoria ko Waterloo ba, yara suna son duwatsun da ake takawa a tsallake kogin Mole, sai dai in an yi ruwa a bi ta gada. Dajin Epping kuwa rabin awa ne daga Liverpool Street zuwa Chingford, ka fita bayan karin kumallo, ka dawo ka yi La'asar a masallacin unguwarku.